Hureira da Cinikin Kantin Siminti

Duk wanda ya taɓa kai ƙara ofishin lauyoyin nan na saman bene a tsakiyar birnin Bangi ya san Madam Hureira, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce dattijuwar nan mai tabarau da farin mayafi da ke zaune bakin ƙofa, wadda in ka tambaye ta ko Metir yana ciki sai ta ce, "Zauna tukuna." Metir ɗin shi ne babban lauya mai ofishin, haka ake kiran lauyoyi a garin. In ma ka tambaye ta ko an yi ruwa jiya a unguwarsu, sai ta dube ka ta saman tabarau kamar ka nemi sirrin gwamnati. Samarin lauyoyi suna kiranta Akwatin Ƙarfe, a bayan idonta dai.

Masu neman aiki kuwa, waɗanda suka gama jami'a suka zo da takalmi yana ƙyalli, sukan raɓe ta su ce, "Mama, in Metir ya tambaye mu abin da muka sani game da ayyukan ofishin nan, me za mu ce?" A nan kaɗai take tsawaita magana. Takan ce su faɗi abin da aka karanta a kotu gaban jama'a, ko wanda jarida ta buga, su tsaya nan. Takan kuma ce kafin su buɗe baki su ƙirga mutanen da ke ɗakin. Yaran sukan yi dariya su ɗauka tsufa ne. Abin haushi, ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi ta zama haka. Sun ɗauka da shirunta aka haife ta.

Ko kusa. Mutanen unguwar Kilomita Biyar da suka san ta tana yarinya za su gaya maka a duk layinsu ba a yi mai baki kamarta ba.

Gado ta yi. Mahaifinta, Malam Umaru, dillalin manyan motoci ne a bakin kasuwa, jikan Damagarawan da suka zo fatauci suka zauna. Ko taya ɗaya bai mallaka ba, amma ya san wace mota ce ta taso daga Duwala da sukari, wa ke da ita, wa zai saya, da wanda zai shiga uku in ta makara. Da wannan sanin ya riƙe gidansa. Ya kuma koya wa 'ya'yansa ƙa'idar kasuwa: in ka je neman aiki wurin mai gida, kada ka ce masa kai mai gaskiya ne ko mai ƙwazo, kowa haka yake cewa. Ka karanta masa harkarsa. Ka gaya masa inda yake saro kaya, wane shago ya saya bara, wa ya kayar a ciniki. In ka faɗi abin da ya zaci ba wanda ya sani, zai yi dariya ya ce ka zo gobe da safe. Haka ake ɗaukar ma'aikaci a titin Kuduku tun kafin a zuba masa kwalta.

Mahaifiyarta, Inna Tasalla, 'yar mutanen bakin kogi ce daga wajen Mobaye. Ta musulunta ta auri Malam Umaru, dangin miji suka sa mata Tasalla domin ranar salla ta tare. Don haka Hureira ta tashi da Hausa a tsakar gida, Sango, yaren gari, a titi, Faransanci a makaranta, kuma a duk ukun ba a kayar da ita. Ta koyi buga tafireta. Ta yi aure, mijin ya tafi haƙar lu'ulu'u a yamma, zazzaɓi ya kashe shi can, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Malam Umaru ma ya rasu. Sai ta kafa tebur a gindin wani mangwaro a cikin gari, tana buga wa mutane takardun koke da na neman aiki. Da haka gidan yake ci, har shekarar da soja suka yi bore sau uku. A bore na farko masu wawaso suka fasa ɗakin da take ajiye tafiretar, suka tafi da ita har da teburin.

Wanda bai zauna Bangi a wannan shekara ba ba zai gane irin tsoron ba. Gari ya rabu biyu. Sojojin bore, waɗanda yawancinsu 'yan bakin kogi ne, suka riƙe unguwannin kudu. Masu goyon bayan gwamnati suka riƙe arewa. Kilomita Biyar tana tsakiya, harsasai suna wucewa ta kanta kamar ba mutane a ƙasa. Kowace mahaɗa da shingenta: tayoyi, ganguna, da samari masu jajayen idanu. Ba sa tambayar abin da ka yi, inda aka haifi ubanka suke tambaya. Wani lokaci ma ba sa tambaya, su sa ka yi magana su saurari yadda Sangonka yake fita. Inna Tasalla ta daina zuwa kasuwa, domin harshenta bai taɓa barin bakin kogi ba.

Inna tana da ƙane ɗaya tak a duniya, Kawu Firmin. Ƙaton mutum ne mai dariya kamar ana gangara ganga, yana da kantin siminti da kwanon rufi a titin Kuduku. Kirista ne, amma ba a taɓa babbar salla bai aiko wa yayarsa rago ba, shi ne kuma ya sa Hureira makarantar tafireta. Laifinsa ɗaya: ɗansa kofur ne cikin sojojin bore. Aka ƙone gidansa, matarsa ta ƙetare kogi da yara, aka fara nuna kantin da yatsa.

Maƙwabcinsa a kasuwa, Alhaji Abdulmutallib mai kayan ƙarfe, shi ya kawo dabara. Suka je wurin Metir, aka rubuta cewa Alhaji ya sayi kantin da duk abin da ke ciki, aka buga hatimi. A takarda ciniki ne, a tsakaninsu amana ce, ranar da gari ya lafa kowa ya koma shagonsa. Aka goge sunan Firmin a allon ƙofa aka rubuta na Alhaji, aka baza cewa mai kantin ya gudu ƙetare. Alhali yana nan, a wani ɗan ɗaki bayan buhunan siminti, da katifa da rediyo da bokiti.

Hureira ce take kai masa abinci kullum da rana, da kwano a ka kamar mai talla: tuwon rogo da miyar ganyen rogo, girkin Inna. Mutumin da aka kulle kuwa duk wanda ya shigo masa shi ne rediyonsa shi ne kuma mai sauraronsa. Kawu ya gaya mata komai, yadda aka tsara takardar, abin da Metir ya ce, har irin alƙalamin da aka sa hannu da shi. Shi ne kuma, bayan bore na uku ya ɗan lafa ofisoshi sun fara buɗewa, ya ce mata, "Sakatariyar Metir ta gudu ba ta dawo ba. Ki kai takardarki. Mutumin kirki ne, kuma ba wanda ya fi ki hannu a garin nan."

Ta kai, aka ce ta zo ganawa ranar Talata da safe.

Ta sa atamfarta ta salla, ta ari jaka wurin maƙwabciya. Tasi ta ɗauke ta da wasu mutum biyar. A shinge na farko aka duba katinta, aka ga sunan uba Umaru, aka ce ta wuce. Ta ji kunya da ta gode wa Allah da ba a rubuta sunan uwa a gaban katin ba. Cikin gari shaguna rabi a ƙone, rabi a kulle, gilasai a zube ba wanda ya share.

Metir ɗan ƙaramin mutum ne mai sanƙo, ya sa kwat duk da zafin da ake yi ba wuta. A kan doguwar kujera kusa da taga wani mutum yana zaune ya rufe fuskarsa da jarida. Hureira ta gaishe shi bai amsa ba, ta ɗauka ɗaya daga cikin ƙananan lauyoyi ne, ta manta da shi. Aka ba ta tafireta, Metir ya yi ta karanto mata Faransancin kotu mai ƙashi, yatsunta suna bi kamar ba ta taɓa rabuwa da aikin ba. Ya duba takardar, bai sami kuskure ba. Ranta ya yi fari.

Sai ya jingina ya ce, "To Madam, masu buga tafireta suna da yawa. Me kika sani game da ayyukan ofishin nan? Me ya sa nan kike so, ba wani wuri ba?"

Ai tambayar gida aka yi mata. Ta gyara zama ta ce ta san shari'ar mahauta da hukumar kasuwa, wadda Metir ya ci. Ta san cinikin gidan burodin da wani Balabano ya sayar, ta san rikicin masu motocin katako da kamfanin inshora.

Metir ya dubi agogonsa. Ya ce, "Duk waɗanda suka shigo kafin ke haka suka ce. Jarida ɗaya kuka karanta."

Maganar ta soke ta. Ta tuna 'ya'yanta, ta tuna tukunyar gidan da kullum take ƙara zama ruwa, ta ga aikin yana zamewa daga hannunta. Sai ta ji muryar mahaifinta sarai a kunnenta: ki faɗi abin da ya zaci ba wanda ya sani. Ba ta tsaya ta yi tunanin cewa nan ba titin Kuduku ba ne. A Kuduku sanin sirrin mai gida shi ke ba ka aiki. A ofishin lauya kuwa rufe shi ne aikin gaba ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata.

Ta yi murmushi irin na dillalai ta ce, "To akwai wanda jarida ba ta buga ba, Metir. Cinikin kantin simintin Kuduku. A takarda Alhaji Abdulmutallib ne ya saya, amma ni da ku mun san ba saye ba ne, riƙo ne kafin gari ya lafa. Dabara ce mai kyau. Mai kantin kullum sai ya sa muku albarka, ni nake kai masa abinci."

Ta jira dariyar da mahaifinta ya yi mata alkawari. Alƙalamin Metir ya tsaya cak a hannunsa, fuskarsa ta yi fari kamar an watsa mata toka. A bayanta ta ji jarida tana sauka a hankali.

Ta waiga. Mutumin ya zuba mata ido, zufa tana tsattsafo masa a goshi. Rigar farar hula ce a jikinsa, wandon ma haka. Amma da idonta ya sauka ƙasa sai ta ga takalman, baƙaƙe masu dogon wuya da igiya, irin waɗanda ta gani a kowane shinge tun daga gida. Ta ji kalmominta na ƙarshe suna dawo mata ɗaya bayan ɗaya, ni nake kai masa abinci. Ta gaya wa soja cewa Kawu yana raye, yana Bangi, kuma ta nuna masa ƙofar.

Mutumin ya ce da ƙaramar murya, cikin Faransanci, "Su wa kuma suka san wannan maganar?"

Metir ya miƙe ya ce, "Madam, ki zauna. Bari in rufe ƙofa."

Rufe ƙofar nan ita ta ƙarasa ta. Ba ta san lokacin da ta kai bakin bene ba. Ta ji Metir yana kira daga sama, "Madam, ki dakata, ki saurare ni," amma ƙafafunta sun riga sun yanke shawara. Jakar aro ma a can ta bar ta.

Ba tasi a titi. Ta cire takalmi ta riƙe, ta kama hanyar Kilomita Biyar a ƙasa, tana sauri tana hana kanta gudu, domin a kwanakin nan mai gudu shi ake fara harbi. Duk motar da ta taso a bayanta sai ta ce ga su nan sun riga ta. Wata motar soja ta wuce ta a guje ta nufi yamma, ta tsaya ta dafa bango har ta ɓace, tana kallon sama ko za ta ga hayaƙi ya tashi daga wajen kasuwa. A shinge wani saurayi ya tambaye ta me ya sa take haki. Ta ce 'yarta ce ba lafiya. Ta yi mamakin yadda ƙarya ta zo mata da sauƙi yanzu, bayan gaskiya ta gama ɓarna.

Ta tarar da Alhaji Abdulmutallib a ƙofar kanti yana alwalar azahar. Ta durƙusa gabansa, maganar ta fito a wargaje. Dattijon bai daka mata tsawa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya ajiye buta ya ce, "Soja ne?"

"Takalminsa na soja ne, Baba."

"Na wane ɓangare?"

"Ban sani ba."

Alhaji ya dubi titi. Ya ce, "Wanda zai zauna tsakiyar gari da wannan takalmi a ƙafarsa yanzu, ai ba na bore ba ne. Ya ji sunana, ya ji kantin. In ba su zo yau ba, gobe suna tafe." Ya share fuskarsa da hannu. "Motar Ya'u direba za ta tashi Kamaru bayan la'asar, ba kaya. Je ki kira mahaifiyarki."

Kawu Firmin bai so tafiyar ba. Ya ce shi ya saba da ɓerayen ɗakin, har ya raɗa musu suna. Amma da Alhaji ya ce masa in an same shi a nan ba shi kaɗai za a ƙone ba, har da layin gaba ɗaya, sai ya miƙe. Aka sa masa babbar rigar Alhaji, wadda ta tsaya masa a gwiwa, aka kafa masa hula, aka ba shi carbi. Aka shirya cewa shi surukin direba ne, kurma, za a kai shi asibitin mishan a hanya. Ya'u direba ya ce ya sha wucewa da mutane haka, masu shingen Kilomita Goma Sha Biyu da ke bakin gari sun san shi, goro da sigari kawai suke so.

Inna Tasalla ta shigo da lulluɓi har ƙasa. Ita da ƙanenta suka yi magana da harshensu na bakin kogi, wanda Hureira take ji kaɗan-kaɗan, suna yi ƙasa-ƙasa kamar masu sata. Hureira tana rakuɓe jikin buhuna tana kuka ba sauti. Kawu ya juyo ya dafa kanta da ƙaton hannunsa mai kaushin siminti.

Ya ce, "Ke 'yar Umaru, bar kukan nan. Bakin ubanki ne, ba ke kika saya ba. Dubi yadda hula ta karɓe ni, da na sani tuni na bi yayata na musulunta." Ya yi ƙoƙarin dariyar nan tasa, ta fito rabi. "In abin ya wuce ki koma wurin Metir. Aikin nan naki ne."

Motar ta tashi. Kafin a kira magariba ta dawo.

Ya'u ya sauko da hular a hannunsa. Ya ce komai ya tafi daidai, har an ɗaga sandar shinge, sai wani cikin masu tsaron ya leƙo ta taga ya ƙura ido ya ce, "A'a, wannan ba Papa Firmin mai siminti ba ne? Ai wurinsa na sayi kwanon gidana." Aka ce ya sauko. Ya sauko da kansa, ya ce direba bai san ko shi wane ne ba, kuɗin mota kawai ya biya. Aka tura shi bayan wata rumfa, hular ta faɗi. Aka ce wa Ya'u ya juya tun yana da ƙafafun taka birki.

Alhaji ya zaga duk inda ake zagawa: barikoki, asibiti, ɗakin ajiye gawa, gidajen manyan da yake sayar wa ƙarfe. Ba wanda ya ga mutum mai wannan suna. Ba a sami gawa ba, don haka ba a yi makoki ba, aka bar Inna da jira.

A kanti kuwa aka zauna jiran soja. Alhaji ya kwashe iyalinsa ya kai unguwar Yakite, ya dawo ya shimfiɗa tabarma a ƙofa, ya ce in sun zo su same shi a nan. Maƙwabta suka rage kaya a shagunansu. Hureira ta daina barci, ko akuya ta taɓa ƙofar gida sai ta zabura ta rungume 'ya'yanta. Aka wayi gari, aka sake wayewa, mako ya cika, wata ya cika. Ba wanda ya zo. Ta riƙa gaya wa kanta cewa ai sun san an kama shi a hanya, shi ya sa. Da wannan tunanin take iya haɗiye abinci: ta yi ɓarna da bakinta, gaskiya ne, amma ko ba a fitar da shi ba da sun zo sun same shi.

Inna ba ta taɓa zaginta ba, ko sau ɗaya. Sai dai kullum da rana takan zuba miyar ganyen rogo a kwanon nan na talla, ta rufe, ta ajiye a bakin murhu. In yamma ta yi ta ba jikokinta. Hureira ta gwammace a doke ta da ta ga kwanon nan.

Ana nan sai Metir ya aiko mata da jakar aro, da saƙon ta zo. Ta je. Wannan karon shi kaɗai ne a ɗakin, ta duba har bayan ƙofa. Ya rame. Ya ce Alhaji ya gaya masa abin da ya faru, ya yi mata jaje. Sannan ya ce, "Ba don kin burge ni zan ɗauke ki ba, Madam. Tsoronki nake ji. Hannuna ne a kan takardar nan. Bakin da ya san wannan gara ya wuni a ofishina ina ganinsa."

Ta ce, "Metir, wane ne mutumin nan?"

Ya buɗe baki kamar zai faɗi wani abu, ya dube ta, ya rufe. Ya ce, "Ba na maganar masu zuwa wurina. Ke ma daga yau ba kya yi."

Ta fara aiki. Aka sake wani tashin hankalin a damina, aka kwana ƙarƙashin gadaje, sannan sojojin ƙasashen waje suka cika gari, shingaye suka fara raguwa. Alhaji ya riƙe kantin har matar Kawu ta dawo daga ƙetare, ya damƙa mata makullai a gaban shaidu, buhu ɗaya bai yi ciwon kai ba. Hureira ta koyi zama bakin ƙofa, ta koyi cewa "zauna tukuna."

Wata safiya, gari ya yi lafiya har ana jin masu tallan burodi, wani mutum ya hawo benen. Silifa ce a ƙafarsa. Duk da haka tun kafin ya ƙaraso ta gane shi, mutumin nan ne mai jarida. Shi ma ya gane ta. Ya washe baki, ya ja kujera ya zauna kusa da ita kamar ɗan'uwa, ya sunkuyo ya yi mata magana da Sango. Sangon nan irin na Inna ne, na bakin kogi, ba ta yadda za a ɓoye shi.

Ya ce, "'Yar'uwa, ashe ke aka ɗauka. Ranar nan kin kusa tsayar mini da zuciya. Ni fa gudowa na yi daga bariki, ba na bore ba na gwamnati, ina ɓoye gidan wani aboki. Ko takalmin canji ba ni da shi. Na zo ne Metir ya yi mini irin takardar da ya yi wa tsohon nan, gidana ya koma sunan wani kafin a ƙone shi. Sai ga ki kina zayyana dabarar kamar karatun labarai. Na ce shi ke nan, in har masu neman aiki sun sani, gari duka ya sani, na mutu. Kwana nawa ban runtsa ba ina jiran a zo a ɗauke ni." Ya yi dariya yana girgiza kai. "Ga shi Allah ya rufa asiri, ba wanda ya ji. Yau na zo a mayar mini da gidana."

Hureira tana kallon bakinsa yana motsi. Ashe ba mai zuwa. Da ta zauna lokacin da Metir ya ce ta zauna, da ta bari an rufe ƙofar nan, da Kawu yana bayan buhunansa yana hira da ɓeraye har gari ya lafa. Abin da ta jingina da shi duk watannin nan ya zame. Ta cikin ƙofar da ke buɗe ta hango Metir ya tsaya da takarda a hannu, ya sunkuyar da kai.

Mutumin ya ce, "Tsohon fa, yana nan lafiya? Na san shi, ai duk mun san Papa Firmin. Ya koma kantinsa ko? Don Allah ki gaishe shi, ki ce wani ɗan gida da suka sha tsoro tare yana gaisuwa."

Duk maganar tana nan a bakinta, shingen, hular, kwanon Inna a bakin murhu. 'Yar Malam Umaru ce, da a da ne da ta zayyana masa tun daga farko har ƙarshe. Ta haɗiye. Amsar ta fito mata da Hausa, irin wadda ake ba kowa.

"Zai ji," ta ce.

Ta ɗauko sabuwar takarda ta saka a tafireta, ta tambaye shi yadda ake rubuta sunansa.